Tarihin Shirye-shiryen Rage Talauci a Batsari da Safana

Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne biyu da ke yammacin Jihar Katsina, a gefen dajin Rugu wanda ya miƙe har cikin Zamfara, kuma tun da daɗewa arzikin mutanensu ya rataya ne a kan noman damina da kiwo. Yunƙurin farko mai ma'ana na rage talauci ya zo ne a shekarun 1960, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar makiyayu ta 1965, aka keɓe yankin Ruma da Kukar Jangarai domin kiwo, aka tanadi madatsun ruwa da mashaya da taimakon Amurka. Manufar ita ce makiyayi ya samu wurin zama tabbatacce, manomi kuma ya tsira da amfaninsa. Da kulawa ta ja baya, sai madatsun suka cike da yashi, gonaki suka ci burtali, wato hanyar da aka ware wa shanu, kuma wannan sakaci yana cikin tushen fitinar 'yan bindiga da ta biyo baya.

A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta kafin 1987, ta soke haraji da jangali, wato kuɗin da ake karɓa a kan kowane kan saniya, abin da talakawa suka gani a ƙasa nan take. Shirye-shiryen tarayya kuwa sun yi ta zuwa suna wucewa tare da masu su: DFRRI ta Babangida a 1986 domin hanyoyin karkara da rijiyoyi, sannan NAPEP ta Obasanjo a 2001 domin kawar da talauci.

Salon ya sauya a 2016, sa'ad da gwamnatin Buhari ta fara bai wa gidaje marasa galihu Naira 5,000 a wata, bisa tsarin da Meziko ta soma a 1997 kuma Burazil ta faɗaɗa a 2003, aka kuma zuba dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta maido. Sai dai tallafin ya iske yankin cikin halin da masu tsara shi ba su yi lissafinsa ba, domin duk waɗannan manufofi sun ɗauka cewa manomi yana iya zuwa gonarsa, alhali 'yan bindiga sun kore shanu, sun tashi ƙauyuka, kuɗin fansa kuma yana cinye abin da iyali suka tara shekara da shekaru. Sulhun da Gwamna Masari na Katsina ya ƙulla da 'yan bindigar a 2019 bai ɗore ba, kuma a 2021 aka hana cinikin dabbobi a kasuwanni, aka katse layukan waya a Batsari da Safana, matakin da aka ɗauka domin tsaro amma ya toshe wa talaka hanyar sayar da akuyarsa da ta karɓar aike daga 'yan'uwansa da ke birni.