Tarihin Auna Murɗawar Iska a Fuskar Teku: Daga Seasat zuwa ASCAT

Manufar wannan takarda ita ce bin sawun yadda aka soma auna murɗawar iska a fuskar teku daga sararin samaniya, da dalilin da ya sa kwatanta awon wata na'ura da na wata ya yi wuya. Abin da muke nufi da murɗawa shi ne yadda ƙarfin iska da inda ta dosa suke sauyawa daga wani wuri zuwa maƙwabcinsa. Tun 1947 Harald Sverdrup ya nuna cewa wannan murɗawa ce ke tsara tafiyar ruwa a manyan tekuna. Amma a zamaninsa babbar madogara ita ce rahoton jiragen ruwa, su kuwa galibi hanyoyin fatauci suke bi.

A watan Yuni 1978 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Seasat, ɗauke da na'urar rada. Na'urar ba iska take gani ba. Saƙo take aikawa kan ƙananan igiyoyin da iska ke tayarwa, ta auna abin da ya dawo, daga nan a lissafta iskar. Wutar tauraron ta lalace a Oktoban shekarar. Aka yi ta jira har 1991, da Turai ta harba ERS-1. Na'urar NSCAT ta 1996 ba ta cika shekara ba. QuikSCAT ne ya daɗe, daga 1999 zuwa 2009, kuma da awonsa Dudley Chelton da abokan aikinsa suka nuna a 2004 cewa iska na murɗawa a bayan tsibirai, da inda ruwan ɗumi ya haɗu da mai sanyi.

Da aka harba ASCAT a 2006, sai aka sami 'yan shekarun da na'urorin biyu suke aiki tare. A nan ne, a ganinmu, wahalar ta fito fili. Murɗawa bambanci ce tsakanin awo biyu maƙwabta, saboda haka ɗan kuskure a ɗayansu yakan kumbura a lissafi. Igiyar radar QuikSCAT gajeriya ce, kimanin santimita 2, ruwan sama yakan gurɓata ta. Ta ASCAT ta haura santimita 5, ta fi jurewa. Har ila yau, QuikSCAT yakan ratsa tsakiyar duniya wajen ƙarfe 6, ASCAT kuwa 9:30. A bakin gaɓa, inda iska ke juyawa tsakanin safiya da hantsi, mai kwatance zai iya ɗora wa na'ura laifin saɓanin da lokaci ne ya haifar.