3.2 Dabarun Koyarwa a Tarukan Bita na Sasanta Rikici a Kaduna

A rikicin Zangon Kataf na 1992, wanda ya bazu har cikin garin Kaduna, Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 mutanen nan suka haɗu, suka soma aikin da ya haifar da cibiyar Interfaith Mediation Centre.

Babbar dabararsu ita ce raba mahalarta tun da farko. Musulmi su zauna daban, Kirista daban, kowane ɓangare ya amayar da zarge-zargen da yake yi wa ɗayan, domin mutum ba ya faɗin cikinsa a gaban wanda yake tsoro. Sai an gama wannan ake haɗa su. Hujja kuwa daga Alƙur'ani da Baibul ake kawo ta, kuma a ganin mai wannan nazari nan ƙarfin dabarar yake, tunda da sunan addini aka tunzura matasan.

Sai dai bita tana da iyaka. A watan Agusta 2002 shugabannin addini 22 suka sa hannu a Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna, amma a watan Nuwamba rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ɓarke a garin.