Harshen Akawu: Yadda Lissafin Kuɗi Ya Shige Cikin Ingilishi

Masu nazarin karin maganar Ingilishi sun saba kafa hujja da maganganun da suka ambaci kuɗi ƙarara, su ce ga shaida nan cewa Turawa bayin abin duniya ne. Hujjar ba ta da ƙwari, domin da dama daga cikin waɗannan maganganu zambo ne ko gargaɗi. Laƙabin nan na "dala mai iko duka", wanda ake jingina wa marubucin Amurka Washington Irving, ba'a ce ya yi wa 'yan ƙasarsa a shekarun 1830. Haka maganar gasa da gidan Jones, wadda wani zanen barkwanci a jaridar New York ya yaɗa tun daga 1913: dariya ake yi wa iyalin da ke ɗora wa kansu wahala don kada maƙwabci ya fi su. Wanda ke kushe kwaɗayi ba a kama shi da kwaɗayi saboda ya ambaci sunansa.

Wurin da ya kamata a sa ido shi ne inda ba zancen kuɗi ake yi ba, amma kalmomin akawu suna ta aiki ba a lura ba. Mai jin Ingilishi yakan ce "spend" ga awa kamar yadda yake cewa ga fam, yana tattalin lokaci, yana zuba shi jari, har ya ce wani abu ya ci masa rana guda kamar farashi. Sauraro ma biyansa ake yi. Idan zai faɗi gundarin magana sai ya ce "bottom line", wato layin ƙarshe na takardar lissafi inda ake rubuta riba ko faɗuwa. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne "worth": da ita ake tambayar yawan dukiyar mutum, da ita kuma ake faɗin ƙimarsa. George Lakoff da Mark Johnson sun nuna a littafinsu na 1980 cewa waɗannan ba kwalliyar zance ba ce, tsari ne guda wanda tunani ke bi.

Daga ina tsarin ya fito? An fi tuna Benjamin Franklin, wanda a 1748 ya daidaita lokaci da kuɗi cikin nasihar da ya rubuta wa matashin ɗan kasuwa, kuma Max Weber ya ɗauki wannan nasiha a matsayin misalin ruhin jari-hujja. A ganina bayanin masanin tarihi E. P. Thompson na 1967 ya fi gamsarwa. Manomi aiki ne ke auna masa yini: a gama shuka, a tatsi saniya. Da masaƙun Ingila suka zo da ƙararrawa, da agogo a bakin ƙofa, da yanke lada ga wanda ya makara, sai awa ta zama haja mai farashi a zahiri. Ma'aikacin da aka zaftare wa albashi saboda lattin 'yan mintoci ba ya buƙatar malami ya koya masa cewa lokaci na da tsada.

Za a iya cewa ai kowane harshe haka yake, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Abubakar Imam ya raɗa wa littafinsa suna Magana Jari Ce, fataken goro da suka yi ta safara zuwa Gwanja kuwa ba wanda zai koya musu lissafi. Sai dai Bahaushe bai miƙa wa kasuwa kalmar arziki gaba ɗaya ba: 'ya'ya arziki ne, lafiya ma haka, ɗan arziki kuma yana iya kwana ba ko sisi a aljihunsa.

Saboda haka malamin da ke koyar da waɗannan maganganu a jami'o'inmu, in ya tsaya ga haddar ma'ana ko ga wa'azi kan halin Turawa, ya bar rabin darasin. Ya haɗa da tarihin masaƙa da albashin awa, domin can ne awa ta zama haja mai farashi a zahiri.