Bizar masu aiki ta intanet: sharuɗɗanta da abin da matasan Nguru da Gashua ya kamata su sani

Bizar masu aiki daga nesa izini ne da wata ƙasa ke bai wa baƙo ya zauna a cikinta na wani lokaci, yana ci gaba da yi wa kamfani ko abokan ciniki na waje aiki ta intanet. Ta bambanta da bizar yawon buɗe ido, wadda ba ta ba da damar dogon zama, ta kuma bambanta da bizar aiki, wadda sai wani kamfani na ƙasar ya ɗauki mutum. Tushenta shi ne mai nema ya zo da kuɗin shigarsa, ba ya zo neman aiki ba.

Batun ya shafi matasan arewacin Jihar Yobe da ke fassara, zane, rubutu ko haɗa manhaja ga mutanen ƙetare ta shafuka irin su Upwork da Fiverr, daga Nguru da Gashua har zuwa ƙauyuka kamar Dagona a Ƙaramar Hukumar Bade.

Asali da sharuɗɗa

Tsarin ya bazu a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta durƙusar da yawon buɗe ido. Barbados ta fara nata a watan Yuli, da zaman wata 12, kuɗin nema dala 2,000 da kuɗin shiga na dala 50,000 a shekara. Estoniya ta biyo baya a watan Agusta da bizar shekara guda, kuma daga baya ta ɗaga ma'auninta zuwa yuro 4,500 a wata.

Fotugal ta buɗe tata a Oktoban 2022, tana neman ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar, wato yuro 3,480 a wata a 2025. Sifaniya na neman ninki biyu na nata mafi ƙarancin albashin, kuma ta yarda mai aikin kansa ya samu har kashi 20 cikin 100 na kuɗinsa daga 'yan ƙasar. Waɗannan alƙaluma na sauyawa, don haka shafin ofishin jakadanci ne abin dogaro.

Idan aka tuna cewa mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun 2024, za a ga cewa ma'aunin Turai ya fi ƙarfin mafi yawan masu farawa.

Ƙofofin da suka fi kusa

A Afirka sharuɗɗan sun fi sauƙi. Mauritius na bayar da bizar shekara guda kyauta, ana nema ta intanet, da shaidar dala 1,500 a wata. Namibiya na bayar da wata shida kan dala 2,000 a wata. Shirin Cape Verde, wanda aka buɗe a Disambar 2020, ya haɗa da 'yan ƙasashen ECOWAS: zaman wata shida ne da ake iya sabuntawa, kuma ana duba ko asusun mutum ya riƙe kimanin yuro 1,500 cikin watanni shida da suka wuce.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kuma ta ba ɗan Najeriya damar shiga ƙasashe irin su Ghana da Senegal ba tare da biza ba har kwana 90. Wanda zai wuce haka sai ya nemi takardar zama.

Takardun da ake nema

Na farko shi ne fasfo. Daga 1 ga Satumban 2025, Hukumar Shige da Fice na karɓar naira 100,000 kan mai shafi 32 na shekara biyar, da naira 200,000 kan mai shafi 64 na shekara goma. Ana cike fom ta intanet da lambar NIN, kuma ofishin hukumar na jiha yana Damaturu.

Sai takardar 'yan sanda ta shaidar rashin aikata laifi, inshorar lafiya, shaidar masauki da kwangilolin aiki. Da yake Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta tantance takardu, galibi sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta buga hatimi, sannan ofishin jakadanci ya tabbatar. Mai nema daga Bade ko Nguru zai saka kuɗin tafiya Abuja ko Legas a lissafinsa.

Takardar da ta fi nauyi ita ce bayanin asusun banki na wata uku zuwa shida. A nan ne masu aikin kansu ke tuntuɓe. Wanda ake biya ta asusun ɗan'uwa, ko ta hannun ɗan canji, ko da kuɗin kirifto, yana iya samun kuɗi mai kauri amma ba shi da hujjar nunawa. Jami'in biza na so ya ga suna ɗaya a kan kwangila, takardar neman biya da asusu, kuɗin kuma na shigowa wata bayan wata. Zuba kuɗin aro a asusu gab da nema abu ne da jami'ai suka saba gani, kuma yana jawo ƙin amincewa.

Haraji da 'yan damfara

Ba kowace biza ce ke yafe haraji ba. A ƙasashe da dama, wanda ya zauna kwana 183 a shekara ya zama mai biyan haraji a can. A gida kuma, dokar haraji ta 2025 da ta fara aiki a Janairun 2026 ta shafi kuɗin da mazaunin Najeriya ya samo daga waje.

Babu dillalin da ke da ikon bayar da biza. Duk wanda ya yi alƙawarin biza tare da aikin kwamfuta a ƙetare, ya kuma nemi riƙe fasfo, abin zargi ne, domin wannan biza ba ta zuwa da aiki. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane, na karɓar irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe.

Ga matashin da ke aiki daga Dagona da lantarkin sola da datar waya, shirin neman bizar na farawa ne da buɗe asusun kuɗin waje da sunansa, da rubuta yarjejeniya da kowane abokin ciniki, da adana shaidar kowane biya na aƙalla wata shida.