Ramin Kunna Sigari Da Ya Koma Wurin Cajin Waya

A gaban kusan kowace mota akwai wani ɗan rami kewayayye, faɗinsa kimanin milimita 21, inda direbobi ke cusa caja su ba wayarsu wuta. Waɗanda suka ƙera ramin ba su san wayar salula ba, ba su kuma yi nufin ya zama soket ba. Don kunna taba aka yi shi.

Tun a tsakiyar shekarun 1920 kamfanonin motoci na Amurka suka fara saka makunnin sigari a motocinsu. Na farko-farkon ɗaure yake da igiyar lantarki: mai shan taba ya janyo shi zuwa baki, idan ya gama igiyar ta naɗe ta koma. A 1956 kamfanin Casco na garin Bridgeport a jihar Connecticut ya nemi rajistar samfurin da duniya ta saba da shi, wato ɗan murfin da ake dannawa cikin rami, naɗaɗɗen zaren ƙarfen da ke gindinsa ya sha wuta har ya yi jawur, sannan ya turo kansa waje. A shekarun nan ne kuma motocin Amurka suka tashi daga batir mai ƙarfin bolt 6 suka koma mai bolt 12, ma'aunin da ƙananan motoci ke kai har yau.

Zamanin tabar ce a lokacin, domin a 1965 kimanin kashi 42 cikin ɗari na manyan Amurkawa suna sha. Sai dai tun a Janairun 1964 babban likitan gwamnatin ƙasar, Luther Terry, ya fitar da rahoton da ya danganta sigari da sankarar huhu, daga nan mashaya suka riƙa raguwa. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Chrysler ya fara fitar da wasu motoci ba mazubin toka, sai wanda ya buƙata ya biya. Sauran kamfanoni suka bi sahu.

Makunnin ya tafi, ramin ya tsaya, saboda tuni wasu sun samar masa sabon aiki. Shi kaɗai ne wurin da mutum zai ɗebi wutar mota ba tare da ya taɓa wayoyinta ba, kuma girmansa kusan ɗaya ne a kowace mota. Masu ƙera fitilun hannu da injin hura taya suka rungume shi, haka wayoyin jaka na Motorola a ƙarshen shekarun 1980.

Wayar zamani kuwa tana shan wuta ne ta hanyar USB, wadda ta fito a 1996 da ƙarfin bolt 5. Aikin cajar mota shi ne sauko da wutar batir zuwa wannan ma'auni. Ba ƙaramin aiki ba ne, domin wutar mota ba ta tsayawa wuri ɗaya: takan faɗi sa'ad da ake tada inji, ta haura zuwa wajen bolt 14 idan ya tashi, manyan motoci irin tirela kuwa bolt 24 suke amfani da shi. Cajar da ba ta da inganci, ko wadda aka yi don ƙaramar mota aka kai ta babba, tana iya ƙonewa ta tafi da wayar. Kwancewar da caja ke yi idan mota ta faɗa gargada ita ma gadon asali ce, tunda an tsara ramin ne don abin da zai shiga na ɗan lokaci ya fito. A wasu motocin kuma ramin yana ba da wuta ko an kashe inji, abin da aka bari a jone yana iya shanye batir.

A Nijeriya, inda wayar GSM ta shigo a 2001 ta tarar da lantarkin da ba ya zama, ramin ya zama rufin asiri. Direban haya a Kano ko Sakkwato da shi yake riƙe wayar da fasinjoji ke nemansa ta ciki. Sababbin motoci suna zuwa da ramukan USB nasu, amma mafi yawansu ba su yar da tsohon ramin ba, sai dai sun rufe shi da murfin roba sun rubuta 12V a kai.