Amsar Takardunku: Shin Da Gaske Ana Karanta Kartar Mutum A Fuskarsa?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi a ƙasar Funtuwa. Ya ce ƙanensa ya sayar da masarar da ya noma, ya nufi dandalin 'yan karta da kuɗin, wai ya gani a waya yadda Turawa ke gane kartar abokin wasa ta kallon fuskarsa. Shi ne yake tambaya: shin gaskiya ne, kuma daga ina abin ya samo asali?

To malam, mun gode da wannan tambaya. Wasan da ƙanenka ya gani sunansa poka, kuma a Amurka ya girma. Yadda ake yinsa shi ne, kowa yana riƙe da kartarsa a ɓoye, sai a yi ta ƙara zubi. Wanda ya tsorata ya ajiye karta, kuɗin da ya zuba sun tafi. In kowa ya ajiye saura mutum ɗaya, shi zai kwashe kuɗin ba tare da ya nuna abin da ke hannunsa ba. Ka ga ke nan mai banzar karta yana iya ci da burga kawai. Dalilin da ya sa 'yan wasan ke zuba wa juna ido ke nan.

Wasan ya bayyana ne a farkon ƙarni na 19, wajen birnin New Orleans da jiragen ruwan da ke bin kogin Misisifi. Wani Bature ɗan Ingila, Joseph Cowell, ya ba da labarin yadda ya ga ana yinsa a 1829: mutum huɗu, karta 20, kowa biyar. Su waɗannan jirage cike suke da fatake da manoman auduga masu kuɗi a aljihu, sai gwanayen caca suka riƙa binsu. A 1843 wani tubabben ɗan caca, Jonathan Green, ya rubuta littafi ya tona asirinsu. Ashe galibi ba wata fuska suke karantawa ba. Alama suke sa wa karta, ko su haɗa baki da abokin cuta yana yi musu ishara.

Daga baya wasan ya koma gidajen caca na Las Vegas, inda aka fara gasar duniya a 1970. A 1984 wani gwani, Mike Caro, ya fitar da littafi a kan alamun jiki. Babban darasinsa shi ne: mai nuna ƙarfi yawanci kartarsa ba ta da kyau, mai langaɓewa yana nuna kamar ya gaji kuwa, shi ne abin tsoro. Ya ce in ka ga hannun mutum yana rawa lokacin zubi, kada ka ɗauka tsoro ne, sau da yawa murna ce ta kasa ɓoyuwa. Shi kuwa mai burga sai ya ƙame, ya yi fuskar shanu, har numfashi yake ragewa. A 2006 kuma Joe Navarro, tsohon jami'in hukumar bincike ta FBI, ya ce a duba ƙafa, don mutum ya fi mantawa da ita.

Mu Hausawa muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Amma fa a teburin poka karin maganar nan ba ta cika aiki ba. A 2013 wasu masana, ƙarƙashin Michael Slepian, sun nuna wa mutane gajerun hotunan bidiyo na gwanayen gasar duniya. Waɗanda suka kalli fuska ba su tsinana kome ba, sai ma ta ɓatar da su. Waɗanda suka kalli motsin hannu wajen tura kuɗi su ne suka ɗan dace, shi ma ba can ba.

Ga misali. A gasar 2003, wani akawu mai suna Chris Moneymaker, wanda ba gwani ba ne, ya tura dukan abin da ke gabansa alhali kartarsa ba ta da kome. Abokin karawarsa, Sam Farha, tsohon hannu ne, kuma kartarsa ta fi. Ya daɗe yana kallonsa, daga ƙarshe ya ajiye. Moneymaker ya ci gasar da dala miliyan 2.5. Amma ka tuna mutum 839 suka shiga, kowace kujera dala 10,000, kuma mafi yawansu sun koma gida hannu rabbana. Sannan a 2017, a birnin Pittsburgh, wata kwamfuta mai suna Libratus ta lallasa gwanaye huɗu cikin kwana 20, ita da ba ta da ido balle ta kalli fuska. Lissafi ta yi amfani da shi.

Saboda haka malam, ga amsarka a taƙaice. E, jiki yana tona asiri, amma kaɗan ne, kuma wanda kake kallo shi ma yana kallonka, yana iya shirya maka alamar ƙarya. Ƙanenka yana zaton shi ne mai karatu, alhali wataƙila shi ake karantawa tun ranar da aka ga ya shigo da kuɗin masara. Ga shi kuma Alƙur'ani mai girma ya haramta caca ƙarara a cikin Suratul Ma'ida.

In yana da basirar lura da mutane, ka kai shi kara ranar kasuwa. Ya ga yadda dillali ke gane mai saye na gaske, wanda ke kushe sa amma ya kasa barin wurin. Nan ma karatun jiki ne, sai dai ana rabuwa kowa da abinsa, wannan da sa, wancan da kuɗi. Ka zaunar da shi da lalama tun kafin kuɗin taki su bi na masara.

Allah Ya shirye mu baki ɗaya. Sai mun ji daga gare ku.