Ƙaramar mota ta hannu: yadda za a zaɓi mai ƙarko da ƙarancin shan mai

Ga ma'aikacin gwamnati, ko malamin makaranta, ko ɗan kasuwa mai ƙaramin jari, sayen mota yakan cinye tanadin shekaru da dama. Mafi yawan ƙananan motocin da ke yawo a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sun riga sun yi rayuwa a Faransa, Beljiyam, Jamus ko Holan kafin jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano ko Lome. Tun bayan rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, kaya masu yawa suka koma bin hanyar Lome ta cikin Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo da tsada, kuma wannan ya shafi farashin motoci a wuraren dillalai. Kuskure a zaɓi yanzu ya fi ciwo fiye da da.

Kuɗin saye ba shi ne kuɗin mota ba

Abu na farko shi ne lissafi. Motar da aka saya da arha tana iya zama mafi tsada bayan shekara biyu. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sauke farashin litar esansi daga sefa 540 zuwa 499. A wannan farashi, mutumin da ke tafiyar kilomita 1,000 a wata da motar da ke shan lita 6 a kowane kilomita 100 zai kashe kusan jaka 30. Idan motarsa lita 10 take sha, kusan jaka 50 zai kashe. Bambancin jaka 20 a wata ya kai jaka 240 a shekara, kuma ba a sa kuɗin bidanji, tayoyi, asirans da binyet ba.

A da, mazauna Maraɗi, Ƙonni da Damagaram suna rage wannan nauyi da man ruwa-ruwa da ke shigowa daga Najeriya. Tun da aka janye tallafin mai a can a watan Mayun 2023, wannan rangwame ya gushe. Saboda haka injin mai girman lita 1.0 zuwa 1.6 shi ne daidai ga mai zirga-zirgar cikin gari da tafiya jefi-jefi a kan babbar hanya. Kuma kada kuɗin hannu ya ƙare duka a ranar ciniki. A bar wani kaso domin gyaran farko, wanda ba a tsallake shi ko da motar ta yi kyau.

Waɗanne motoci ne suka dace?

Ma'auni mafi sauƙi shi ne a duba abin da direbobin taksi ke tuƙawa. Taksin Yamai sun daɗe suna dogaro da Toyota Starlet da Corolla, domin mai neman abinci da mota ba ya riƙe wadda ke kwana a gareji. Dalili na biyu shi ne kayan gyara: motar da kowane mai sayar da kayan mota ke da kayanta, kowane makanike kuma ya san cikinta, ita ce mai arha ta gaskiya.

Toyota Corolla ta shekarun 1997 zuwa 2007 ta fi kowace cika wannan sharaɗi. Tana ɗaukar iyali, tana jure rami da zafi. Sai dai wasu injunanta na VVT-i na farkon shekarun 2000 an san su da shan man inji, don haka a auna man kafin gwaji da bayansa, a kuma lura da hayaƙi. Toyota Yaris, wadda ta fito a 1999 ta gaji Starlet, ta fi ƙarancin shan mai, kuma injunanta na esansi sarƙa ce ke juya su, ba bel na roba ba. Mai lita 1.0 ta isa cikin gari, amma da mutum biyar da kilima a kan hanyar Yamai zuwa Maraɗi, mai lita 1.3 ta fi numfashi. Starlet kuwa an daina ƙera ta tun 1999, ke nan mafi ƙuruciyarsu ta haura shekara 25. Injinta na da ƙarko, amma jiki da wayoyi sun gaji.

Peugeot 206 tana da arha, kayanta ma ana samu. Rauninta sananne shi ne gindin tayoyin baya: idan an tsaya a bayanta aka ga saman tayoyin ya karkata ciki, gyara mai tsada na jira. Injinta da bel yake aiki, kuma idan bel ɗin ya tsinke ana cikin tafiya, yakan lanƙwasa bawul. Nissan Micra, Suzuki Alto, Kia Picanto da Hyundai i10 duk ba su shan mai sosai, amma kafin a saya a zagaya shagunan kayan gyara na garin da ake zaune, a tambayi kuɗin fitila, radiyata da amortisa. Abin da ake samu cikin sauƙi a Yamai ba lallai a same shi a Tawa ko Tasawa ba.

Esansi ko gazuwal, giyar hannu ko otomatik

Ga ƙaramar mota, esansi ya fi kwanciyar hankali. Injunan gazuwal na zamani suna da allurai masu tsada da ba sa jure gurɓataccen mai, kuma na bayan 2010 galibi suna da matatar hayaƙi da ke toshewa idan gajerun tafiye-tafiye kawai ake yi. Giyar hannu ta fi sauƙin gyara, kuma ana iya tura motar ta tashi idan batir ya mutu. Otomatik ta gargajiya ba ta da laifi muddin ana canza manta. Wadda ya kamata a kauce wa ita ce giyar da kwamfuta ke taka wa kulos, irin MMT da ke cikin wasu Yaris da Corolla, domin masu gyara ta kaɗan ne.

Abin da za a duba kafin a biya

A je da makaniken da aka amince da shi, wanda ba shi da alaƙa da dillalin, kuma a je da rana. A nemi a tada injin yana da sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ƙara da wahalar tashi. Shuɗin hayaƙi alamar ƙona man inji ne. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa alamar ruwa na shiga inji ne. A buɗe murfin man inji: idan an ga wani abu mai kama da kindirmo a jikinsa, akwai yiwuwar ruwa da mai sun haɗu.

Sanyaya inji shi ne rayuwar mota a ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. A bar motar tana aiki da kilima a kunne na minti 15, a ga ko fanka na tashi, allurar zafi kuma ta tsaya a tsakiya. A leƙa ƙarƙashi: gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe, kuma sabon baƙin fenti a ƙasan mota sau da yawa tsatsa yake rufewa. A tabbata tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa tana nan, domin ana yawan cire ta a sayar saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinta. Warin danshi da laka a ƙarƙashin kafet suna nuna motar da ruwa ya taɓa cinyewa.

Kada a yarda da lambar kilomita ita kaɗai, mayar da ita baya ba wuya. Sitiyari da ya goge, fedar da ta cinye da kujerar direba da ta lotsa sun fi allo faɗin gaskiya. Motar da ta fito daga Beljiyam tana iya zuwa da takardar Car-Pass mai nuna tarihin kilomita, ta Faransa kuma da takardun binciken lafiya da ake yi mata duk shekara biyu. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu na mako da shekarar da aka yi ta: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Tsohuwar taya tana fashewa a kan kwalta mai zafi ko da zanenta bai goge ba. A ƙarshe a tuƙa motar, a kan kwalta da kuma hanyar laterit, a saurari ƙafafu, a gwada birki da kowace giya.

Takardu

Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke jikin motar dole ta yi daidai da wadda ke kan kart giriz da takardun duwan, harafi da harafi. Motar da ba a biya mata duwan ba, ko wadda aka shigo da ita da sunan wucewa zuwa wata ƙasa, ana iya kama ta a kowane shinge, kuma asarar a kan mai ita na yanzu take faɗawa. Idan motar ta riga ta yi aiki a nan gida, a tabbata mai sayarwa shi ne mai sunan da ke kan takarda ko yana da wakilci a rubuce. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a tabbatar da sa hannu a hukuma, a kuma gaggauta mayar da kart giriz zuwa sunan mai saye. A duba kwanakin asirans, binyet da bizit teknik.

Makon farko bayan saye

A canza man inji da matatunsa, da matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa da wuri har shan mai ya ƙaru. Idan injin mai bel ne kuma babu shaidar ranar da aka canza shi, a canza shi tare da famfon ruwa. A wanke radiyata a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya maimakon ruwan famfo, wanda ke kawo tsatsa. Idan makanike ya ba da shawarar cire na'urar da ke daidaita zafin ruwa, a nemi ya gano ainihin abin da ke sa injin zafi, domin injin da ba ya kai zafinsa na aiki ya fi shan mai, ya kuma fi saurin lalacewa.